Amsa kan ma'anar x a lissafin wuri

Ɗan'uwa, ka tambayi me lambar farko take nufi a ɗigo kamar (3, 2). Ita ce x, tana nuna nisan ɗigon daga layin tsaye, wato layin y, ta dama ko ta hagu. Ɗauka kana tsaye a Taminus, nan Jos, wurin shi ne sifili. Taku 3 gabas, sannan taku 2 arewa, ka iso (3, 2). Da yamma ka nufa, da ta zama -3.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe, kuma abin yana damuna, shi ne su ɗauka x nisa ne daga sifili kai tsaye. A'a. (3, 2) da (3, 7) x ɗinsu ɗaya ne, don suna kan layin tsaye guda. Kada kuma ka juya lambobin, (2, 3) wani wuri ne daban.