Kyanwata na kai wa talabijin hari, lafiya kuwa?

Malama, kin ce kyanwarki can Gusau, da ƙwallo ya gilma a talabijin sai ta kai masa farce, har kina tsoron ko wani abu ya same ta. Lafiyarta ƙalau, farauta take yi.

Idon kyanwa ya fi namu saurin kama motsi, amma bai kai namu tantance launi ba. Shi ya sa mai karanta labarai ba ya gabanta, amma tsuntsu ko ɓera ko 'yar kibiyar kwamfuta, nan take kunnuwa su miƙe, jela na kaɗawa. Wata har bayan talabijin take leƙawa, wai neman inda tsuntsun ya shige.

Kada ki dake ta, ba za ta gane laifinta ba, sai dai ta fara gudunki. Ki kafe talabijin ɗin a bango don kada ta kifar da shi, ki ɗaura tsumma a igiya ki riƙa ja mata, ta samu abin cafkewa na gaske. Kwanciya kan kwamfuta kuwa ɗumi take bi, musamman da hunturu.

In kin ga tana karo da kaya, ko jikinta na fizga tana dalalar da yawu, ki kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.