Amsa: Yaya bene mai hawa 16 ya tsaya da bangon bulo?

Malam, ka tambaya ko da gaske akwai tsohon benen ofisoshi da bangon bulo ne ke ɗauke da shi, kuma su wa suka yi haya a ciki. Akwai: ginin Monadnock da ke tsakiyar birnin Shikago a Amurka.

Ginin ɓangare biyu ne, na arewa da na kudu. Kamfanin Burnham da Root ne ya zana ɓangaren arewa, aka gama shi a 1891. Tun da bango ne ke ɗaukar nauyi, kaurinsa a ƙasa ya kai ƙafa 6, a can sama kuwa inci 18 ne. Illar ita ce kaurin ya cinye filin hawan ƙasa, inda kuɗin haya ya fi tsoka.

Ƙasar wurin yumɓu ce mai taushi, shi ya sa aka ɗora ginin a kan shimfiɗar kankare da ƙarafunan dogo. Magina sun yi lissafin zai nutse inci 8, amma sai da ya yi wajen inci 20. A ɓangaren kudu, wanda aka kammala a 1893, ƙarfe aka fi dogara da shi, ya kuma zo da arha.

Masu hayar farko sun haɗa da bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa irin su Santa Fe da Michigan Central. Yau lauyoyi da ƙananan kamfanoni ne suka fi yawa, ga kotun tarayya nan kusa. A ganina sirantar ginin ce ta riƙe masu haya, domin kusan kowane ofis na da tagarsa.