Ɗana ba ya riƙe kuɗi, yaya zan yi?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 9 ne. Ina ba shi Naira 1,000 duk mako, amma kafin Talata ya ƙarar da su a kan alewa da biskit. Ta yaya zan koya masa tattali bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki? Daga wata uwa a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da daina ba shi takardar dubu guda, domin yaro ba ya iya raba abin da bai gani a rarrabe ba. Ki yi canji zuwa Naira 100 guda goma, ki samo gwangwanayen madara uku.

Ranar Asabar ya zuba 100 a na zakka, 300 a na ajiya, 600 a na kashewa. Zakkar ya fara cirewa, kuma shi zai saka ta da hannunsa ranar Lahadi. Kuɗin da kika miƙa masa a ƙofar coci baikonki ne, ba nasa ba. Ku karanta 2 Korintiyawa 9:7 tare, ya san da daɗin rai ake bayarwa.

Ajiyar ta kasance da buri, kamar ƙwallo ko takalmi. A mako 10 zai tara Naira 3,000.

Inda iyaye suke ɓata aikin shi ne tausayi. In ya cinye nasa ranar Talata, kada ki ƙara masa ko sisi sai Asabar. Ki gaya wa mai shago kada ya ba shi bashi, yaron kuma ki nuna masa Karin Magana 22:7, ya san mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. Kada ki taɓa ajiyarsa don cefane ba da saninsa ba. In dole ta sa kin ranta, ki biya ranar da kika ce.