Dalilin da yasa SSD ɗin ta ƙi tashi

Toh yarona naga saƙonka, kace kastoma ya kawo kwamfutarsa HP mai hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) 500GB yana so a sa masa SSD (sabuwar ma'ajiya mai sauri) 256GB amma kar a taɓa masa manhajojinsa, kai kuma ka kwafe duk abinda ke cikin C, wato ɓangaren hadis da Windows ke ciki, ka zuba a SSD ka ɗaura, ta ƙi tashi. Ai dama bazata tashi ba. Abinda kake gani a C ba shine duka ba, akwai ƙananan fatishan, wato ɓangarorin da aka raba hadis, da Windows ke ɓoyewa, musamman na EFI ɗin nan da yawanci 100MB ne kawai a tsarin fomatin FAT32, kuma can fayilolin da ke tada kwamfutar suke zaune. Sannan in Windows tana kunne akwai fayilolin da ta danne bazata sake maka ba, kamar kace zaka janye tabarma mutum na zaune akai. Shi yasa muke tada na'urar daga filash.

Ka sa Ventoy, manhajar da ke sa filash ya tada kwamfuta, a filash ɗinka ka zuba GParted mai gyara fatishan da Clonezilla mai kwafe hadis gaba ɗaya. Kafin komai ka kwashe hotuna da takardun bawan Allah a wani wuri daban, wannan amana ce. In akwai BitLocker, makullin da Windows ke rufe bayanan hadis da shi, ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa. Ka jona caji, batirin ma ya zama da ƙarfi saboda ɗauke wuta.

Danna F9 lokacin kunnawa ka zaɓi filash, ka shiga GParted ka rage girman C, ka matso da ɗan fatishan ɗin rikobari, na gyaran Windows in ta lalace, da ke can ƙarshe zuwa kusa da shi, duka su tsaya ƙasa da 230GB don 256 ɗin nan wajen 238 take nunawa. Ka kunna Windows sau ɗaya ta duba kanta tukuna. Clonezilla baya yarda daga babba zuwa ƙarami sai ka shiga ɓangaren ƙwararru ka zaɓi -icds, wanda ke sa shi ya daina duba girman wanda za'a zuba wa.

Yanzu inda nake so ka nutsu sosai, wajen zaɓen wanda za'a ɗauka da wanda za'a zuba wa. Can cikin Clonezilla babu C babu D, sunaye irin sda da sdb zaka gani, kuma suna iya canza wuri. Kar ka dogara da sunan, ka dubi girma da sunan kamfani, mai 500 shine tushe, mai 256 shine za'a goge. Ka karanta da baki kafin ka danna y na amincewa, wallahi in ka juya su ka shafe wa mutum aikin shekaru cikin daƙiƙa kaɗan, kuma dawo da shi ba tabbas.

In ya gama ka cire tsohon hadis kafin ka kunna. In ta ƙi tashi ka danna F10 ka shiga saitin BIOS ka duba salon tashi, in tsarin fatishan ɗin GPT ne da UEFI take tafiya, in MBR ne da Legacy. Tsohon kuma kar ka yi masa fomatin, ka bawa mai shi ya ajiye sai yayi sati yana aiki lafiya.