Gudu a tsibirin Lobos: sabon kambas ko na gwanjo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Kullum bayan sallar asuba nakan yi sassarfa a kan burjin da ya nufi gonakinmu. Yayana yana aiki a tsibirin Fuerteventura na ƙasar Sifaniya, ya yi mini hanyar zuwa ziyara bayan babbar salla, ya ce zai kai ni wani ɗan tsibiri mai suna Lobos mu bi gaɓar teku da gudu. Naira dubu 45 na ware. In sayi sabon kambas mai arha ne, ko na gwanjo? Abokaina kuma sun ce sai na haɗa da agogon nan mai ƙirga taku.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya, ya saka wa yayanka da alheri.

Kafin a yi maganar takalmi, sai a san ƙasar da za a taka. Lobos yana cikin tsibiran Kanari, kusan kilomita 2 daga garin Corralejo da ke Fuerteventura, tafiyar kamar minti 15 a jirgin ruwa. Aman wutar dutse ne ya samar da shi, don haka duwatsunsa ba irin na Birnin Kudu ba ne masu sulɓi, waɗanda yara ke hawa ba takalmi. Na can baƙaƙe ne, ramuka-ramuka kamar marmara, ga kaifi. Yawancin hanyar a shimfiɗe take, tsakuwa ce da yashi, ba za ta ba mai gudu a burji wahala ba. Inda takalmi ke shan wuya shi ne gefen hanya, da kuma hawan tudun La Caldera mai tsayin mita 127, inda tsakuwa ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa.

Da kuɗin da ke hannunka, na gwanjo mai kyau ya fi. Sabon mai arha ido yake ɗauka, amma ƙasansa soso ne kawai. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, ko wata guda ban yi ba gam ya saki, na dawo gida ina jan ƙafa, bakin takalmi a wangale. A kan burji ke nan, ina ga dutse mai kaifi.

Ka shiga Kano, kasuwar Ƙofar Wambai, ka je da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan yawon wuni, kuma haka za ta yi in gudu ya yi nisa. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. In mai kaya ya miƙo maka, kada ka tsaya kallon launi, juya shi ka duba ƙasansa. Kana son roba mai tauri, mai haƙora da ba su cinye ba. In dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ajiye shi, mai shi na farko ya riga ya karkatar da shi. Sannan ka kama shi hannu biyu ka murɗa kamar mai matse wanki: in ya naɗe ba gardama, tsakuwa za ta riƙa sukarka ta ciki. Ka bi bakin gam da farce ko'ina. Bayan ka sa, a sami faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba wajen gangara farcenka ne zai biya. Kada ka ji kunyar ɗan zagayawa da shi a gaban rumfa, kuɗinka ne.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka adana shi cikin leda sai ranar tafiya. Ka yi mako uku ko huɗu kana sassarfa da shi a burjinku. In zai yi maka bororo, gara ya yi a gida.

Agogo kuwa, ka bar shi. Wayarka ma za ta ƙirga maka nisa. Canjin da ya rage ka sayi safa mai kauri ƙafa biyu, da hana-salla mai kama kai sosai, da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi. Babu inuwa a hanyar, babu inda za ka tsaya ka ɗebi ruwa. Na san za ka ce ɗan Jigawa ba ya tsoron rana, amma iskar teku tana busar da gumi nan take, mutum ba ya sanin ya ƙafe sai jiri ya ɗebe shi.

Ka tuna wa yayanka batun izini. Wurin yana ƙarƙashin kariyar hukuma tun 1982, kuma daga 2019 ba a shiga sai da izinin da ake nema ta intanet, kyauta, na awa 4. Ba a barin hanyar da aka shata, saboda tsuntsayen teku da ke sheƙa a wurin da tsirran da ake karewa. Sunan ma kada ya tsorata ka: da Sifaniyanci Lobos na nufin kyarkeci, amma wata dabbar teku ce da ake kira haka, wadda ta daɗe da ƙarewa a tsibirin.

In ƙarfi ya kai, ku nufi arewa har hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Punta Martiño, wadda take nan tun 1865. In kuma rana ta yi tsaka, ku tsaya a gajeriyar hanya, daga mashigar jirgi zuwa ɗan ƙauyen El Puertito, ku dawo ta bakin ruwan La Concha ka cire takalmin ka tsoma ƙafa.