Imel ya daina fita daga sabar Mattermost: in kashe tantance satifiket?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wata ƙungiya a Kano, mu arba'in da 'yan kai ne. Mun ɗora Mattermost, manhajar hirar ma'aikata, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur a ofis wadda ita ce sabarmu, tana aika sanarwa ta wani akwatin Gmail da muka buɗe mata. Yau kwana tara ke nan ko imel ɗaya bai fita ba. Ma'aikatanmu na karkara ba sa sanin an ambace su a hira, mutum biyu kuma sun manta kalmar sirri sun kasa shiga. Oga har ya fara zargin an yi mana kutse. Wani mai gyara ya ce in kunna Skip Server Certificate Verification, wato a daina tantance satifiket, in mayar da Connection Security zuwa None, sannan in cire tabbatarwa mai mataki biyu daga Gmail ɗin. Hankalina bai kwanta ba. In yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ka kuma kwantar wa oga hankali, tsayawar imel kaɗai ba alamar kutse ba ce. Amma shawarar da aka ba ka tana iya jawo kutsen da yake tsoro.

Fara da jin ta bakin sabar. Shiga System Console na Mattermost, ka je Environment, sai SMTP, wato saitin aika imel, ka danna Test Connection. Kafin ka danna, buɗe wata taga ka sa tail -f /opt/mattermost/logs/mattermost.log, domin layin da zai faɗo a wannan daƙiƙar shi ne zai gaya maka inda gizo ke saƙar.

Idan ka ga i/o timeout ko connection refused, maganar ba ta ma kai ga Google ba. Gwada nc -vz smtp.gmail.com 587 daga kan sabar kanta, ba daga laftof ɗinka ba. In bai amsa ba, duba katangar tsaron ofis (firewall) ko kamfanin da ke ba ku intanet. Ka tabbata kuma lambar ƙofa (port) ta dace da nau'in tsaro: 587 da STARTTLS take tafiya, 465 da TLS. Haɗa su a karkace yana sa sabar ta yi ta jira har lokaci ya ƙare. 

Idan 535 5.7.8 Username and Password not accepted ne, to ka tambaya ko wani ya canza kalmar sirrin akwatin kwana tara da suka wuce. Duk lokacin da aka canza ta, Google yana soke dukan app password da aka ƙirƙira a baya, wato kalmar sirri ta musamman da yake ba manhajoji su shiga akwatin da ita. Sai ka ƙirƙiri sabo, haruffa 16 ne, ka zuba a SMTP Server Password. Aikin minti biyar ne.

Sai dai tunda mai gyaran ya ambaci satifiket, na fi zaton layin kuskuren da ya gani ya fara da x509 ne, alamar matsalar satifiket. A nan zan daɗe, domin wannan gurguwar shawara ta zama ruwan dare, kullum sai an kawo ta.

Biyu daga cikin shawarwarinsa ko aiki ba za su yi ba. In ka sa None, Gmail zai mayar maka da 530 5.7.0 Must issue a STARTTLS command first, ba ya karɓar kalmar sirri a fili. In ka cire tabbatarwa mai mataki biyu, app password ɗinka ya mutu nan take, kuma tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga akwatin Gmail na kowa-da-kowa da kalmar sirri ta yau da kullum. Wato ka rushe katangar akwatin, imel kuma bai fita ba. Mai ba da wannan shawara har yanzu da ilimin shekarun baya yake aiki.

Wadda ta rage ce mai haɗari, saboda ita tana aiki. Ka kunna Skip Server Certificate Verification, ka danna gwaji, saƙo ya shigo, kowa ya yi murna, a sallami mai gyara da kuɗinsa. Me aka yi a zahiri? Satifiket shi ne katin shaidar da Google ke nuna wa sabarka kafin ta miƙa masa kalmar sirri. Kai kuma ka ce mata daga yau duk wanda ya ce shi ne Google, ta yarda kawai. Za a ce maka ai saƙon a rufe yake tafiya. Haka ne, a rufe yake, amma wa aka ba mabuɗin? Duk wanda ya samu shiga Wi-Fi ɗin ofis, ko ya mallake na'urar rarraba intanet da ba a taɓa canza mata kalmar sirrin kamfani ba, zai iya tsayawa a tsakiya da satifiket na bogi, sabarka ta damƙa masa app password hannu bibbiyu. Wannan kalma kuwa ba ta neman lambar da ake turowa waya, tsallake mataki na biyu take yi.

Ka duba abin da ke cikin akwatin nan. Gmail yana ajiye kwafin duk saƙon da aka aika ta SMTP a cikin Sent. Akwai guntayen hirarrakin ma'aikata na sirri, maganar albashi, sunayen mutanen da kuke taimaka wa. Mafi muni, ta nan ne mahaɗin sabunta kalmar sirri ke bi. Mai kutse zai je shafin shiga, ya ce ya manta kalmar sirrin mai kula da saba, ya buɗe Sent ya ɗauki mahaɗin, shi ke nan Mattermost ɗin gaba ɗaya ya zama nasa. Kuma babu wanda ke komawa ya kashe wannan maɓalli. An ce na ɗan lokaci ne, sai ya shekara uku a kunne. Abin da ke ba ni takaici shi ne ainihin matsalar kan zama ƙarama ƙwarai.

Karanta sauran layin x509 ɗin. In ya ce certificate has expired or is not yet valid, rubuta timedatectl ka dubi kwanan wata. Tsohuwar kwamfutar tebur a ofishin da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, akwai yiwuwar ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, ya mutu. Duk ɗaukewar wuta sai agogo ya koma baya. Google yana sabunta satifiket ɗinsa a kai a kai, don haka ko makonni kaɗan agogo ya yi baya, sabar za ta ga kamar lokacin fara aikin satifiket ɗin bai yi ba. Wata alamar ita ce lokacin da ke jikin saƙonnin Mattermost zai riƙa saɓa wa na wayoyinku. Canza batirin, ka sa timedatectl set-ntp true, ka tabbata ƙofar UDP 123 a buɗe take. Batirin da ake sayarwa a shagon agogo ne ake so ka sayar da tsaron mutum arba'in saboda shi.

In ya ce signed by unknown authority, sabunta kunshin ca-certificates, wato jerin masu ba da satifiket da sabar ta amince da su, ka sake tayar da Mattermost. In bai warke ba, sa openssl s_client -starttls smtp -connect smtp.gmail.com:587 ka dubi layin issuer, wato wanda ya ba da satifiket ɗin. Ya kamata ka ga Google Trust Services. Ganin wani suna daban yana nufin akwai abin da ke tsakaninku da Google, ko na'urar tace intanet ta ofis, ko wani abin da ya fi haka. A irin wannan hali ƙin aikawar da sabar ta yi ceton ku ta yi. In kuma ya ambaci IP SANs, wani ne ya rubuta lambar IP a gurbin SMTP Server maimakon suna, sai ka mayar da smtp.gmail.com.

Bayan gwaji ya wuce, kada ka ɗaga hankali in ka ambaci abokin aiki bai ga imel ba. Mattermost ba ya aika wa mutumin da ke kan layi, sai wanda ya fita ko ya bar manhajar fiye da minti biyar, kuma in an kunna Email Batching saƙonni kan taru zuwa minti 15. Duba cewa Enable Email Notifications yana kunne, Site URL daidai yake, kuma Notification From Address shi ne adireshin Gmail ɗin da kansa. Ka tuna akwatin kyauta ba ya wuce saƙo 500 a rana, mutum arba'in masu yawan hira suna iya cinye wannan kafin la'asar. In kuna kai wa nan, lokaci ya yi da za ku koma aikawa da sunan yankinku na intanet (domain) ta masu hidimar aika imel irin su Amazon SES ko Mailgun, ku sa SPF da DKIM, wato shaidun cewa imel ɗin daga gare ku yake, a bayanan DNS na yankin, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman aƙalla ɗaya daga cikinsu a wurin kowane mai aikawa.

Mutum biyun da suka maƙale ba sai sun jira ba, ka sabunta musu kalmar sirri da hannu daga User Management a System Console. Sannan ka buɗe config.json, fayil ɗin saitin Mattermost, ka nemo SkipServerCertificateVerification, ko da mai gyaran ya riga ya taɓa ba ka sani ba. In ka tarar da true, mayar da shi false, ka soke tsohon app password ka yi sabo, ka duba Details a ƙasan akwatin Gmail ka ga daga ina aka riƙa shiga, sannan duk mai matsayin System Admin ya canza kalmar sirrinsa a yau ɗin nan.