Wane Dashe Za a Ba Manomin da Giwa Ke Yi wa Ɓarna?

Ɗana, ka tambaye ni irin dashen da ya kamata mu ɗaura wa baƙon nan da ya zo lambunmu a Daura daga Alkaleri ta jihar Bauci, wanda ya ce giwayen dajin Yankari suna cinye masa masara, kuma ka kawo shawarar mu ba shi aguwa da cini-da-zugu kamar yadda muke ba mutanen nan.

Aguwa tana tare akuya da saniya, amma babu shingen itacen da zai tare giwa da ƙarfi, domin dabba ce mai tumɓuke bishiya da saiwarta, wadda kan ci ganye da ciyawa kimanin kilo 150 a wuni. Abin da za ka fara faɗa masa shi ne abin da bai kamata ya dasa a bakin gona ba. Mangwaro da giginya da aduwa da gawo duk ƙaunatattunta ne, kuka kuwa har ɓawonta take saɓulewa ta tauna. Wanda ya jera waɗannan ta ɓangaren daji ya aika mata goron gayyata ne, kuma idan ta gama da su masarar za ta faɗa wa.

Ba shi lemon tsami mai aure. Giwa ba ta damu da shi ba, yana da ƙaya, kuma manoman Assam a Indiya suna dasa shi kusa da kusa a matsayin shinge. Ka gaya masa gaskiya cewa sai ya yi ban ruwa da rani, ya kuma jira shekara 3 zuwa 4.

Babban aikin bishiya a nan, a ganina, shi ne ɗaukar amya. Giwa tana tsoron ƙudan zuma ƙwarai, saboda duk kaurin fatarta suna harbinta a gefen ido da bayan kunne da cikin hanci. A Kenya, Dakta Lucy King ta gwada rataya amya a kewayen gona, tazarar mita 10 tsakanin kowace biyu, an haɗa su da waya guda. Idan giwa ta zo da dare ta taɓa wayar, sai amyoyin su girgiza, ƙudan su fito, garken ya juya. Kakanninmu sun daɗe suna ɗora amya a kan ɗorawa da tsamiya, sai dai a wannan aikin ratayawa ake yi ƙasa-ƙasa yadda za ta yi lilo, ba a ɗaure ta tamau a reshe ba. Bishiya mai rai ta fi dirka, domin gara ba ta saurin cin ta, ga inuwar da ke hana kaki narkewa.

Ka ja masa kunne ya ajiye wa ƙudan ruwa a kasko da bazara, ya jefa tsinke a ciki don kada su nutse, in ba haka ba za su yi ƙaura su bar masa amya fayau lokacin da masara ke gab da nuna.